Likkafanin da Na Ƙi Bayarwa

Shekarar da Nasara suka shiga Kano ina da wayo, don na tuna an kwashe mu yara an kai mu wurin dangi a gindin duwatsun Dutse, muka yi kwana uku ba a ga kowa ba, aka dawo da mu. Jirgin ƙasa ya iso Kano ina tallan nono. Yunwar Kakalaba ta same ni a ɗakin miji, annobar murar da ake kira marisuwa kuma ita ta ɗauke mijin, ta haɗa da ɗan da na haifa masa. Damina biyu bayan marisuwa muka kama hanyar gabas, ni da Goggo Dudu, ƙanwar babana wadda ta raine ni a Aujara. Mai son sanin shekara ya lissafa daga nan. Ni Ige ban yi nisa a allo ba, balle boko, faɗa nake ana rubutawa, amma ban taɓa rikita abin da ya riga wani faruwa ba.

A zamanin, mai tafiya Makka da ƙafa ba ya fita sai da likkafaninsa a ƙunshi. Ko guzuri bai kai shi muhimmanci ba, don guzuri ana roƙonsa a hanya. Nawa da na Goggo ni na gurza audugar, na shiɓe ta, na kaɗa zaren da mazarina, masaƙin bayan kasuwar Aujara ya saƙa mana fari mai kauri. Duk Aujara an san zarena, ba ya da ƙulli.

Na Goggo ya salwanta a kogin Kusuri. Mai kwale-kwalen ya ce kaya daban, mutane daban, jirginsa ba ya ɗaukar nauyi biyu. Muka haye, muka zauna a kan yashi muna jira. Da kayan suka iso babu ƙunshin Goggo. Ya daki ƙirji, ya nuna ruwa, ya ce ya faɗa. Na dubi sauran kayan, ko ɗigon ruwa babu a jikinsu. Ban san yarensa ba, shi kuma a take ya manta Hausar da ya yi ciniki da ita da safe. Daga ranar likkafani ɗaya ya rage tsakaninmu, kuma daga ranar ban ƙara barin nawa ya rabu da ƙuguna ba.

A Abashe muka yi damina, ina daka a gidajen mutane ana ba ni tsaba. A Fashir ƙafafun Goggo suka fara kumbura. Nan ne kuma Sambo, ɗan'uwan mijinta, wanda shi ne namijinmu a ayarin, ya ce bari ya yi gaba ya sama mana masauki. Har yau yana sama mana. Muka bi wani ayari na mutanen Garki, Goggo rabi a ƙafa rabi a jakin wani bawan Allah da ya tausaya mata, har muka isa wani gari a bakin babban kogi, shekara biyu cur da barinmu gida. Ba zan faɗi sunan garin ba, jikokin mutanen suna nan.

Akwai zangon 'yan ƙasarmu a gefen garin, Larabawan can suna ce mana Takari. Ba mu gama sauke kaya ba mata suka zagaye mu, wannan da kunu, wannan da ruwan zafi na gasa wa Goggo ƙafa, kowa da Hausa ras a bakinta. Goggo ta yi ta hawaye. Ni kuwa shekara biyu a hanya sun koya mini duban hannun mai ba ni abu. Na lura kafin su tambayi sunana sun tambayi abin da na ɗaure a ƙugu.

Kwana uku aka kai ni gaida babbarsu, Iya Saude. Mutuniyar Garki ce, ta zo tun lokacin da mutane suka yi ta ƙaura gabas gudun Nasara. Doguwa, muryarta a ƙasa, ba ka jin ta sai ka matso. Na durƙusa na gaishe ta a ƙofar wani ɗaki mai faɗi wanda matan suke kira Ɗaki kawai, su kuma 'yan Ɗaki. Da na ɗaga kai sai na ga jakunkunan fata rataye a rufin, sun fi a ƙirga da kallo ɗaya, waɗansu sababbi, waɗansu hayaƙi ya mayar da su baƙi.

Ta ce, "Kina kallon 'yan'uwanki ne. Kowace jaka likkafanin mace ɗaya ce."

Ta yi mini bayani a hankali. Mai son shiga sai ta kawo nata a rataye. Ta yi kwana bakwai tana yi wa 'yan Ɗaki daka, su zolaye ta yadda suka ga dama, kada ta tanka. Rana ta takwas a sha fura a ƙwarya ɗaya, ta yi rantsuwa maganar Ɗaki ba ta fita waje. Shi ke nan ta zama tasu. Gidajen Larabawa masu ba da daka da wanki na Ɗaki ne, wurin suyar ƙosai a kasuwa na Ɗaki ne. Ta yi ciwo su yi jinya, ita da wanda ke hannunta. Ta mutu su wanke.

Na ce, "Iya, ranar da zan wuce Makka fa?"

"Sai ki zo ranar Juma'a, ki tsaya gaban 'yan'uwanki, ki ce a sauko miki da shi. Ba kulle, ba mabuɗi."

"Mutum nawa suka karɓi nasu?"

Matan da ke zaune suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Bafillatanar nan da tambaya kamar mai ƙirgan jangali." Iya Saude ba ta yi dariya ba. Ta ce in je in yi shawara da Goggona, ai ita Iya ma kan hanyar Makka take, ta san zuciyar matafiyi. Na yi lissafi a raina, matar nan ta fi shekara goma sha biyar a kan hanyar nan tata.

Na ce zan yi tunani. Daga ranar kunu ya daina zuwa. Ba wanda ya zage ni, gaisuwa ma ta ƙaru. Amma duk gidan da na je neman daka sai a ce suna da mai yi. Na koma ɗiban ruwa daga kogi da tulu, ina sayarwa a bakin kasuwa, aikin da maza suke yi da jakuna. Wuyana ya sage. In na dawo in tarar Goggo a kwance a bukkar da aka ara mana a ƙarshen zango, tana lissafa mini abin da ake yi a gida yanzu, an yanke gero, shanu sun shiga kara, an fara cin kasuwar Jahun da sabon wake.

Mace ɗaya ce ba ta sake ni ba, Kulu, 'yar Taura, ta girme ni da kamar shekara uku. 'Yar Ɗaki ce. Sai ta biyo ta bayan bukkarmu ta ajiye kwandon dawa ta ce, "Daka rabi, ki riƙe dusar da abin da ya zube. Kada ki ce ni na ba ki."

Na ce, "Yaya Kulu, wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Ke dai Allah ya yi ki da baƙin hali. Uwarki ce ta aiko ni daga Aujara."

Na karɓa ina daka, amma ban daina duban ta ba.

Cikin watanmu na uku wata Babarbariya ta rasu a zangon, ta zo da 'yarta, ba su shiga Ɗaki ba. Da sassafe 'yar ta je Ɗaki ta faɗa. Aka ce mata, "Allah ya jiƙanta, muna zuwa." Hantsi ya yi, muna zuwa. Azahar ta yi, muna zuwa. Zafin ƙasar nan ba irin namu ba ne, gawa ba ta jira. Maza sun haƙa kabari sun zauna a inuwa suna kallon ƙasa. Sai da la'asar na ga 'yar ta fito da ƙunshi a ka ta nufi Ɗaki. Kafin ta dawo mata shida sun riga ta isa da ruwa da turare, suka yi wa tsohuwar wanka mai kyau, ba zan yi musu ƙarya ba.

Washegari na je wurin limamin zango, na durƙusa daga nesa. Na ce, "Allah gafarta Malam, wankan Musulmi ba wajibi ba ne a kan jama'a?"

Ya ce, "Wajibi ne."

"To jiya fa?"

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ai sun wanke ta. Jinkiri aka samu." Da ya ga ban tashi ba ya ƙara da cewa, "Baiwar Allah, ni ba na shiga sha'anin mata. Mai ɗakina ma 'yar Ɗaki ce."

Goggo ta ji duk abin da ya faru, bukka ba ta ɓoye magana. Ranar ta ƙi cin abinci. Ta kira ni ta ce, "Ige, ni ba mutuwa nake tsoro ba. Ƙuda nake tsoro."

Na ce, "Goggo, in na ba su nawa, a na wa za su naɗe ki?"

"A na wata. Ƙasa ba ta tambayar wa ya kaɗa zare."

Matar nan ita ta goye ni, ita ta yi mini kitson aure. Ba ta taɓa roƙona komai ba. Kuma ni ban taɓa wanke gawa ba, a gida tsofaffi ke yi, yarinya irina ko ɗakin ba ta shiga. Na tambayi Kulu ta koya mini, ta ce ba a koya wa na waje, rantsuwa ce. Ranar Juma'a na kwance ƙunshina daga ƙugu, na ɗora a ka, na tafi Ɗaki.

Suka yi murna, suka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, suka ce in jira a gama abin da ke gaba. Abin da ke gaban kuwa wata dattijuwa ce, Inna Yalwa, mai suyar ƙosai, ta miƙe tsaye ta ce ta sami ayari, tana son a sauko mata da nata. Na gyara zama.

Iya Saude ta ce, "Alhamdu lillahi. A sauko mata da shi." Aka ɗauko gora aka sauko da wata baƙar jaka, aka ajiye a gabanta. Ba wanda ya hana. Sai wata ta fara kuka. Wata ta ce, "Inna, kin tuna shekarar da agana ta kama ki, wa ya kwana arba'in yana juya ki?" Wata ta ce, "Kabarin ɗanki Audu fa, wa zai riƙa zuwa yana gyara ƙayar?" Wata ta ce ita dai in ta mutu ba ta yarda kowa ya taɓa ta ba sai Inna Yalwa, yanzu ga shi. Ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba zagi, kowa tana ɗora mata alherin da ta yi mata. Iya Saude kuwa tana ɓare goro. Inna Yalwa ta tsaya, ta tsaya, hannunta a kan jakar. Can ta yi 'yar dariya ta ce, "Ku ma kun san wasa nake." Aka yi guɗa, aka mayar da jakar sama. Wadda ke kusa da ni ta raɗa mini, "Kowace shekara sai ta yi haka."

Na ɗauki ƙunshina na miƙe. Iya Saude ta ce, "'Yata, ba ki ajiye ba."

Na ce, "Na bar Goggo ba ruwa, Iya."

Da na koma na gaya wa Goggo duk abin da na gani. Na ce mata in na rataye shi a ɗakin nan, ni da Makka sai a mafarki, kuma ba da ƙarfi za su riƙe ni ba, da kunu za su riƙe ni. Ta juya fuska ga bango. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Taurin kan babanki ne. To ki tanadi ganyen magarya."

Ta rasu bayan kwana tara, da hantsi, ina ba ta ruwa. Na rufe mata ido, na ɗaure haɓa, na lulluɓe ta. Na je na faɗa wa liman don maza su haƙa. Na je Ɗaki, don kada a ce ban faɗa ba. Suka yi salati, suka ce, "Allah ya jiƙan Goggo, muna zuwa."

Na dawo na ɗebo ruwa tulu huɗu. Na kirɓa magarya. Na jawo zana na kare ƙofar bukka. Sannan na durƙusa a gabanta, hannuna a cikin ƙwarya, ban san ta inda ake farawa ba. Na san alwala, na san wankan mai rai. Ina tsoron in yi mata ba daidai ba ta tafi a haka, kuma ga ƙuda ɗaya ya shigo yana zagaya mayafin.

Sai na ji murya ta bayan zana, ƙasa-ƙasa. "Kada ki leƙo. Ni ba na nan, itace na zo nema. Kin rufe ta daga ƙirji zuwa gwiwa?"

Kulu ce. Na ce na rufe.

"Ɗaga ta kaɗan ki jingina da gwiwarki. Shafa cikin a hankali, kada ki danna kamar mai tuƙin tuwo. Yanzu naɗe hannunki da tsumma, ki wanke ta ƙarƙashin zanen, idonki a sama."

Haka muka yi. Tana faɗa ina yi. Na yi mata alwala. Na wanke kai, na wanke dama, na wanke hagu. Wurin juyawa ne ya ba ni wuya, don aikin mutum uku ne, ga Goggo ta kumbura. Na ce, "Yaya Kulu, ta fi ƙarfina, shigo ki kama mini."

Ta ce, "Hannuna ba zai taɓa ta ba, na rantse. Sa kafaɗarki. Ke da kike ɗaukar tulu kamar jaki."

Na sa kafaɗa, ta juyu. Sau uku na wanke ta. A na ƙarshe wani ɗan ƙulli ya faɗo ta saman zana, na kwance na ga kafur. Da aka zo kan gashi Kulu ta ce a raba uku a kitsa, na ce wannan ba sai an koya mini ba. Na kwance likkafanina, na yayyaga yadda ta ce, na naɗe Goggo a zaren da na kaɗa. Da na ɗaga zana babu kowa a bayan bukkar. Kafin azahar maza sun sallace ta sun kai ta. 'Yan Ɗaki suna can suna jiran in zo da ƙunshi a ka, sai makara suka gani ta wuce.

Da yamma suka zo ta'aziyya, Iya Saude a gaba, Kulu a cikinsu tana kallon ƙasa. Iya ta dubi inda na yi wankan, ta shinshina iska. Ta ce, "Har da kafur. Aujara akwai tarbiyya." Ta ce tunda yanzu ba ni da likkafani, Ɗaki ya yafe mini, in shigo hannu wofi, su za su saƙa mini wani su rataye da sunana. Ba a taɓa yi wa kowa haka ba.

Na ce, "Na gode, Iya. Wanda na kaɗa da hannuna ma ban rataye ba."

Ta yi murmushi ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Na yi kwana arba'in a zangon saboda Goggo. Ban ga an hukunta Kulu ba, gidajen dakanta suna nan, wurin zamanta a Ɗaki yana nan. Wannan ya tsaya mini a rai. Ana gobe ayari zai tashi na same ta a bakin kogi tana wanki. Na ce, "Ki gaya mini tsakaninki da Allah, Iya ce ta turo ki ranar nan, don in ji kunya in shigo?"

Ta ci gaba da bugun wankinta. Ta ce, "An wanke Goggonki ko ba a wanke ba?"

"An wanke."

"To me kike nema kuma?"

Na ce ta karɓo nata mu tafi tare, gobe Juma'a, ayari sai bayan sallah. Ta ce to, za ta gani. Muka jira ta har madugu ya fara faɗa. Ba ta zo ba.

Na haye teku ba likkafani, mutanen ayari suna cewa na yi ganganci. Na yi aikin hajjina shekara ɗaya da rabi bayan nan, na yi wa Goggo ɗawafi. Da zan dawo na bi ta wata hanya, ban sake taka garin ba. Shekara tara na yi rabona da Aujara, kuma tun da na dawo babu macen da ta rasu a unguwarmu ba ni na wanke ta ba, na koya wa duk wadda ta tambaya.

Mutanen wancan lokaci sun ƙare. Cikin ayarin da ya kai mu zangon saura Malam Jibo na Garki, ya makance, jikokinsa ke fito da shi hantsi. Akwai Hajiya Tabawa a Kiyawa wadda muka haye teku tare, ba ta gane mutane yanzu. Sai ni. Sai kuma Kulu. Bara waccan wani mutumin Taura da ya daɗe a can ya dawo gida a mota, ya neme ni har Aujara, ya ce an ba shi saƙon gaisuwa wurin Ige mai taurin kai. Na tambaye shi ko ta samu ta je Makka. Ya ce bai ji ba. Ya ce amma tana nan da ƙarfinta, kowa Iya yake ce mata, ita ke riƙe da Ɗaki tun rasuwar Iya Saude.

Na ce in ya sami mai komawa, a ce ina amsawa.